Kwana Shida A Kan Kogin Da Doka Ta Hana A Datse

A tsakiyar watan Fabrairu saƙon ya shigo, ina zaune a ƙofar gida bayan la'asar. Wani Ba'amurke ne da muka taɓa aikin auna ruwa tare a fadamar Haɗejiya zuwa Nguru shekarun baya. Ya san zan je wani kwas a ƙasarsu cikin watan Yuli, shi ne ya rubuto cewa ƙuri'a ta faɗa kansa, ya samu izinin sa jirgi a wani kogi na jiharsu ta Idaho, kuma ya ajiye mini gurbi. Sai da na maimaita karatun. Ni ɗan masunci ne, a bakin ruwa aka yanke mini cibiya, amma ban taɓa jin inda ake jefa ƙuri'a kafin mutum ya shiga kogi ba.

Ranar da na je yi wa Baba sallama, yana gyaran koma a zaure. Bai ɗago kai ba ya ce, "Idan ka je, ka tambayo mini wa ke buɗe musu ruwa." Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san tushen wannan tambaya. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, zuwan ruwa wurinmu ya koma hannun mai riƙe da ƙofa. Da tambayar Baba na hau jirgi.

Daga Abuja zuwa Boise, babban birnin Idaho, jirgi uku na canza, ba abin faɗa sai gajiya. A filin jirgin da na fara sauka a Amurka aka tambaye ni ko ina ɗauke da nama, na ce akwai kilishi. Suka karɓe cikin ladabi, suka bar mini yaji da ƙuli-ƙuli. A Boise na samu masallaci na yi Juma'a tare da 'yan Somaliya da 'yan Bosniya, na sayi naman halal a wani shago, muka daskarar da shi don guzuri. Magariba a can sai wajen ƙarfe tara da rabi na dare, abin da ya rikita mini barci kwana biyu.

Mu tara ne, jiragen roba uku. Muka kama hanya mai lamba 21, wadda ke murɗawa cikin tsaunuka ta garin Idaho City da Lowman, tafiyar kusan awa uku zuwa Stanley. Jiragen duk suna ɗauke da tambarin shaidar an biya kuɗin yaƙi da baƙin halittun ruwa, domin jihar na tsoron wata 'yar ƙaramar katantanwa mai manne wa jirgi ta bi shi daga wani ruwa zuwa wani. Akwai shingaye a manyan hanyoyin shiga jihar da aikinsu kenan, su leƙa ƙarƙashin jirgi su ga ya bushe kuma ba laka. Na tuna ciyawar kacalla ta ƙasarmu. Da wani ya tsaya mata haka tun tana 'yar kaɗan a bakin magudanai, da ba ta cinye mana hanyoyin ruwa ba.

Stanley ƙauye ne, mazaunansa ba su wuce ɗari da 'yan kai ba, yana kwance a gindin tsaunukan Sawtooth masu kai kamar haƙoran zarto. Ɗakin kwana a nan tsada gare shi, sai muka kafa tanti a bayan gari. Cikin Yuli ne, tsakiyar zafinsu, amma da asuba na tarar ruwan butata ya yi ɓawon ƙanƙara a sama. Na yi alwala yatsuna na ƙin lanƙwasuwa.

Washegari muka bi hanyar tsakuwa zuwa Boundary Creek, mashigar kogin. Sunansa Middle Fork, wato reshen tsakiya na Kogin Salmon. A nan na ga shingen da ya fi kowanne tsanani a tafiyar, kuma ba bindiga ko ɗaya a wurin. Wata malamar daji ce, budurwa da ba ta fi shekarun ƙanwata ba, riƙe da takarda. Ta duba izininmu, ta ƙirga mu, sannan ta ce a fito da kaya. Akwai farantin ƙarfe da za a riƙa hura wuta a ciki don kada ƙasa ta ƙone, da bokitin kwashe toka, da rariyar tace ruwan wanke-wanke, da akwatin bayan gida mai murfi. Duk abin da mutum ya shiga da shi sai ya fito da shi, har tokar wutarsa, har abin da ya fita daga cikinsa. Ta raba mana wuraren kwana na kowane dare tun daga nan. Ayari bakwai kaɗai ake bari su shiga a rana. Kuɗin shiga ƙuri'ar dala 6 ne, amma masu nema dubbai ne, wasu kan shekara goma suna cikawa ba su dace ba. Wanda bai samu ba kuma yana da hali, sai ya bi kamfanonin yawon kogi ya biya dubban daloli. Ni kasona na abinci da hayar kaya da ladan waɗanda za su zagaya mana da motoci zuwa mafita ya kama wajen dala 600.

Kafin mu tura jirgi na sa hannu a ruwan. Ban taɓa ganin ruwan kogi mai haske haka ba. Ana ƙirga duwatsun ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ja da kore da fari, kifi na tsaye a tsakani kamar an rataye shi. Na tambayi mai masaukina tambayar Baba. Ya nuna kan tsauni inda sauran dusar ƙanƙara ke sheƙi, ya ce, "Malam, ga mai buɗewar can." Dusar da ta taru da sanyi ita ke narkewa, kogin ya cika ya yi hauka a ƙarshen Mayu da Yuni, sannan ya riƙa ja da baya. Zuwa Agusta saman kogin kan yi ƙasa har sai an ɗauki mutane da ƙaramin jirgin sama zuwa Indian Creek, mil 25 a gaba, su fara daga can. Daga mafarinsa har inda ya haɗu da babban Salmon, babu ƙofa, babu madatsa.

Ranar farko ba hutu. Kogin siriri ne a sama, yana gangarowa da gudu, kuma a cikin mil ɗari na tafiyar yana sauka kusan ƙafa 3,000. A mil na biyar akwai wani mafaɗar ruwa da suke kira Velvet, wadda ba ka jin ƙararta sai ka zo kanta, saboda wani rafi da ke shigowa a wurin yana rufe sautin. Mun wuce ta lafiya. A rana ta biyu ne, a wata kwana mai suna Pistol Creek inda ruwa ke murɗawa tsakanin duwatsu biyu, jirginmu ya bugi dutse ta gefe na tsinci kaina a ciki. Na iya ruwa tun ban shiga makarantar allo ba, amma wannan wani abu ne daban. Sanyin ya kama ƙirjina kamar an ɗaure da igiya, numfashi ya ƙi shiga. Rigar kariya ce ta ɗago ni, na tuna abin da aka koya mana, na kwanta rigingine ƙafafu a gaba, har aka jefo mini igiya. Ban fi minti biyu a ciki ba, amma sai da na yi awa guda ina karkarwa. Wata dattijuwa a ayarinmu, tsohuwar malamar makaranta da ta haura saba'in kuma ita ke tuƙa nata jirgin, ta lulluɓe ni da bargonta ta dafa mini shayi. Na zuba yaji a miyar daren nan, kowa ya ɗanɗana, biyu suka yi ta tari.

Ita wannan dattijuwa ce ta ba ni tarihin dokokin, dare bayan dare a bakin wuta. Tana yarinya lokacin da Amurka ke gina madatsu kamar ba gobe. A arewacin jihar an datse wani reshen Kogin Clearwater da madatsar Dworshak mai tsayin ƙafa 717. A Kogin Snake an jera uku a kwazazzabon Hells Canyon, ba a bar wa kifi hanya ba. Har an zana wata da za ta toshe bakin Salmon ɗin kansa. A cikin wannan yanayi ne wasu tagwaye masana dabbobin dawa, John da Frank Craighead, suka fara kiran a ware wasu koguna a bar su yadda Allah Ya yi su. Sanatan Idaho, Frank Church, ya ɗauki maganar zuwa majalisa. Ranar 2 ga Oktoba, 1968, Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa dokar kare kogunan hannu. Koguna takwas aka fara da su, biyu a Idaho, kuma wanda muke kai yana cikinsu.

Abin da dokar ta yi ba shi da sarƙaƙiya. Kogin da aka sa a ciki, hukumar tarayya mai ba da lasisin wutar lantarki ba ta da ikon amincewa da madatsa a kansa, kuma babu wata ma'aikatar tarayya da za ta ba da kuɗi ko izini ga aikin da zai ɓata gudunsa. Kariyar ta haɗa da gaɓa, kimanin rubu'in mil kowane gefe. An kasa kogunan gida uku gwargwadon yadda hannun mutum ya taɓa su: wanda sai da ƙafa ko jirgi ake isa gare shi, wanda hanya ke taɓawa nan da can, da wanda titi ke bi kusa da shi. Yau koguna sama da 200 ne a ciki, fiye da mil 13,000. Da na ce abin da yawa, sai ta girgiza kai. Bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kogunan ƙasar ba.

Ita kuwa ƙasar da kogin ke ratsawa, wata doka ce ke riƙe da ita, wadda ta girmi ta koguna da shekara huɗu. Dokar dawa ce, wato ta kare daji, ta 3 ga Satumba, 1964. Wani mutum mai suna Howard Zahniser ya shafe shekara takwas yana rubutawa yana gyarawa, ya rasu watanni kaɗan kafin a sa mata hannu. Ta fara da eka miliyan 9.1, yanzu ta haura miliyan 111. A 1980 aka sa wannan dawa a ciki, eka miliyan 2.3 da ɗoriya, kusan rabin jihar Kano, kuma a 1984 aka ƙara mata sunan Frank Church ana saura makonni ya rasu. A cikinta ba titi, ba mota, ba inji, ko keke ba a yarda ba.

Na ga wannan da idona a rana ta uku. Mun tsaya cin abinci sai muka ji wani sauti daga kan tudu, shuu, shuu, a hankali. Na hau na duba. Samari biyu ne ma'aikatan daji, ɗaya a kowane gefe na wani ƙaton icce da ya faɗi ya tare hanyar ƙafa, suna jan dogon zarto mai mariƙi biyu. Gumi ya jiƙa musu riga, alfadarai uku na ɗaure a gefe da kayansu. A ƙasar da ta kai mutum duniyar wata, ma'aikacin gwamnati na yanka icce da hannu saboda doka ta hana injin yanka a nan. Na karɓi gefe ɗaya na ja na ɗan lokaci. Ƙamshin ɗanyen katako ya tashi, garin na zubo mini a takalmi. Ɗayan ya ce da inji aikin minti biyar ne, da hannu kuwa kusan awa. Bai faɗa da ƙorafi ba. Na daɗe ina tunanin wannan, domin a wurinmu dokar gandun daji tana nan a takarda, kuma mun san yadda buhunan gawayi ke fitowa daga cikinsa da rana tsaka.

Sai dai dokar ba ta zo a tsarkake ba, ciniki aka yi. Kiwon da aka tarar ana yi kafin a kafa ta an bar shi ya ci gaba. Ana farauta da lasisi, ana kamun kifi. Filayen saukar ƙananan jiragen sama da suka riga dokar suna nan, shi ya sa wani lokaci kana cikin shiru sai ka ji ƙugin jirgi a kwazazzabo. Akwai gonakin mutane 'yan kaɗan a tsakiya, har da wani wuri, Flying B, da ke da ɗan kanti. A babban Salmon kuma an bar jiragen ruwa masu inji. Da ba a yi wannan sassauci ba, in ji dattijuwar, da dokar ba ta wuce majalisa ba. Kamun kifin nasu ne dai ya tsaya mini a rai. Ƙugiya ba ta da ƙaya, kuma kifin da ka kama dole ka mayar. Na riƙe wani mai jan zane a maƙogwaro, ya cika tafin hannuna biyu, na sake shi ina ji kamar na zubar da abincin gida.

Kwanakin tsakiya sun wuce cikin daɗi: maɓuɓɓugan ruwan zafi a Sunflower da Loon Creek da suka tuna mini Wikki na Yankari, tumakin dutse masu murɗaɗɗen ƙaho suna kallonmu daga gaɓa, tsaunuka da gobarar daji ta bar su da baƙaƙen kututture.

A rana ta biyar muka shiga ɓangaren da suke kira kwazazzabon da ba ya ratsuwa, bayan Big Creek. Bangon dutse ya tashi dama da hagu har sai ka ɗaga kai sosai kafin ka ga sama, hanyar ƙafa ma ta rabu da kogin. A wata inuwar dutse mai masaukina ya nuna mini zane da jan ƙasa: mutane, da dabbobi masu ƙaho, da layuka kamar ƙirge. Ya ce kada in taɓa. Masu zanen su ne Tukudeka, wani reshe na ƙabilar Shoshone da ke farautar tumakin dutse, sun zauna a nan shekaru aru-aru. A 1879 sojojin Amurka suka bi su cikin waɗannan duwatsu, suka kama waɗanda suka samu, yawancinsu mata da yara da tsofaffi, daga baya aka kai su Fort Hall, wani yanki da aka keɓe wa 'yan asalin ƙasar. Dokar 1964 ta siffanta dawa da cewa wuri ne da mutum baƙo ne a cikinsa, yana zuwa ya wuce. Na tsaya gaban zanen na ce a raina, waɗannan ba baƙi ba ne. A wasu wuraren kwananmu har ramukan bukkokinsu ana gani, an hana kafa tanti a kai. Na faɗa wa dattijuwar abin da ke raina, ba ta musa ba. Ta ce an riga an kwashe masu gida shekara 85 kafin a rubuta cewa ba kowa a gidan. Wannan ya sa na ƙara riƙe ra'ayina: in har za a yi irin wannan doka a ƙasarmu, da masunci da makiyayi da mai noman fadama za a rubuta ta, su ne a cikinta.

Muka fito a Cache Bar rana ta shida, muka tarar da motocinmu, muka kai akwatin bayan gidan nan inda ake wanke shi da inji. A garin Challis muka tsaya shan mai da cin abinci, na zauna kusa da wani makiyayin shanu mai faffaɗar hula. Da ya ji daga inda muke, sai ya buɗe ciki. Ya ce sama da kashi 60 cikin ɗari na ƙasar Idaho a hannun gwamnatin tarayya take, a gundumarsu ma ya fi haka nesa. Aikin katako ya mutu, ma'adinai sun ja baya, samari sun tafi birni. A 1995 kuma aka kawo kyarketai daga Kanada aka sake su a wannan dawa, suka yaɗu har suna taɓa masa maruƙa. Ya ce mutanen birni su zo kwana shida su yi hoto, shi ke kwana da abin shekara. Na fahimce shi sarai, maganarsa ba ta da bambanci da ta Bafulatanin da aka shata wa gandu a kan burtalinsa. Amma ɗiyarsa, in ji shi da kansa, tuƙin jirgin baƙi take yi a kogin, da shi take biyan kuɗin jami'a.

Kafin Stanley muka tsaya a Sunbeam. Rabin bangon siminti ne tsaye a cikin babban Salmon, ruwa na wucewa ta gefe. An gina shi a 1910 don bai wa mahaƙar zinariya wuta, ya tare wa kifi hanya, a 1934 aka fasa shi da nakiya. Ban taɓa ganin madatsar da aka fasa da gangan ba. Na sauka har bakin ruwan na dafa simintin.

Tafkin Redfish ne zangonmu na ƙarshe, kuma a nan murnata ta ragu. Sunan tafkin daga wani jan kifin salmon ne da a da kan cika shi har ruwan ya yi ja. Ana ƙyanƙyashe shi a nan, ya gangara teku, ya girma, sannan ya dawo ya yi ƙwai inda aka haife shi: mil 900, ya fi nisan Kano zuwa Legas, yana hawan ƙafa 6,500. Kogin Salmon ba shi da madatsa, amma a Snake yake zubawa, Snake kuma a Columbia, kuma a wannan hanya akwai madatsu takwas. A 1991 aka sa kifin cikin masu shirin ƙarewa. A 1992 guda ɗaya tak ya dawo, namiji, suka raɗa masa Lonesome Larry, wato Larry mai kaɗaici. Aka daskarar da maniyyinsa, da shi da 'yan kaɗan da suka rage aka riƙe irin a gidan ƙyanƙyasa. Doka ta tsare gidan kifin, hanyar gidan kuwa tana wajen ikonta. A 2021 wani ɗan majalisar tarayya daga Idaho, Mike Simpson, ya kawo shawarar a fasa huɗun da ke kan Snake a biya waɗanda za su yi asara, kuɗin ya haura dala biliyan 33. Har na baro ana ta jayayya, domin madatsun na ba da wuta, kuma ta kansu jiragen alkama ke tashi daga Lewiston zuwa teku. Ban ga ɗaukewar wuta ko sau ɗaya ba a zamana, kuma na san daga inda wani ɓangarenta ke fitowa. Haka ma ban manta cewa Tiga ce ke shayar da Kano, ita ke ba Kura da Kadawa shinkafa da tumatir ba.

Na iso gida ana tsakiyar damina. Bayan gaisuwa Baba ya ce, "To, wa ke buɗe musu?" Na ce, "Baba, ba kowa. Ƙanƙara ce ke narkewa a kan dutse, kuma gwamnatinsu ta rubuta cewa ba mai sa masa ƙofa." Na nuna masa hoton duwatsun ƙarƙashin ruwa a waya, ya riƙe ta nesa da ido ya daɗe yana kallo. Ya tambayi kifin, na ba shi labarin guda ɗayan nan da ya dawo. Ya yi shiru, sannan ya shiga lissafa mini irin kifin da rabonsa da gani a komarsa tun ina goye.

Can ya ce ai mu ma muna da wanda ba a sa wa ƙofa ba tukuna. Kogin Jama'are yake nufi, wanda aka daɗe ana maganar datse shi a Kafin Zaki, kuma ambaliyarsa ce har yau ke jiƙa fadamun da ke gabas da mu. Ya ce rabonsa da ganin cikarsa ya fi shekara ashirin, yana so in kai shi kafin ruwa ya ja. Na kira direban da ke kai mu kasuwa, muka sa ranar Asabar.